Inda na kai a koyon hoto: sau nawa ya kamata in danna?

'Yan'uwa masu koyo, sannunmu da ƙoƙari. Abin da na sa a gaba a makonnin nan shi ne sanin yawan hotunan da ya dace in ɗauka a fita guda. Inda na tsaya yanzu: motsin abin da ke gabana ne ke yanke adadin, ba girman katin ajiya ba.

Shi kati ba ya hana komai. Nikon D3500 nake riƙewa, mai megafiksel 24. Hoton RAW ɗaya, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, yana cin megabait 20 zuwa 25, ke nan kati mai gigabait 32 zai ɗauki sama da 1,000. A zamanin fim, naɗi ɗaya hoto 24 ne ko 36, kuma kowanne sai an biya kuɗin wanki, shi ya sa mai hoton unguwa yake gyara wa kowa tsayuwa kafin ya danna. Yau kuɗin ya koma lokaci. Wanda ya dawo da hoto 600, ya ba kowanne daƙiƙa 10 kacal, zai kwashe awa ɗaya da minti 40 yana tankaɗe da rairaya, bai ma fara gyara ko ɗaya ba. Ga kuma shata, ɗan labulen da ke buɗewa ya bar haske ya shiga in an danna, ita ma tana da iyaka: kamfanin ya gwada ta zuwa danni 100,000 a ƙananan kyamarori irin wannan.

Marinar Ƙofar Mata a Kano na je gwada abin da ba ya gudu. Bayan gaisuwa da neman izini, na zaga rijiyoyin rini kyamara na rataye, ina duba ta inda rana ke faɗowa. Aikin marini maimaici ne: ya tsoma zane, ya ɗaga, ya bar iska ta buge shi, ya sake tsomawa. Zanen kan fito da ɗan kore-kore, sai iska ta mayar da shi shuɗi a gaban idonka. Tunda zai sake, babu dalilin gaggawa. Na jira ɗagawar da nake so. Abin da ya buƙaci ƙarin hoto a nan haske ne. Ruwan baba yana da duhu, kyamara kuwa in ta ga duhu sai ta ƙara haske, shuɗin ya koɗe. Don haka a kowane tsari uku nake ɗauka: yadda ta auna, sai wanda na rage wa haske mataki ɗaya, sai wanda na ƙara. Kusan kullum wanda na rage ne yake fito da launin yadda idona ya gan shi.

Doki kuma wani sha'ani ne daban. A wajen masu kilisa da yamma ba na rowar danni ko kaɗan. Nakan sa saurin shata a 1/1000 na daƙiƙa, in kunna ɗauka a jere, wadda a kyamarata hoto 5 ce a daƙiƙa. Ƙafar doki ta fi yatsa sauri, kuma a jere ɗaya da ƙyar ka samu guda da ƙafafun suka yi kyau, fuskar mahayin ba ta ɓuya bayan kan dokin ba. Sai dai a riƙa dannawa a gajarce, daƙiƙa ɗaya ko biyu. In ka matse maɓallin tun doki na nesa, kyamara za ta cika tana jiran ta zuba a kati, ta yi sanyi daidai lokacin da ya iso gabanka.

Hoton jama'a shi ne wanda ma aka yi wa lissafi. Nic Svenson da Piers Barnes na hukumar bincike ta CSIRO a Ostireliya sun samu kyautar Ig Nobel, wadda ake bai wa bincike mai ban dariya amma mai sa tunani, a 2006 kan tambayar sau nawa za a ɗauka kafin a samu wanda ba mai ƙifta ido. Ƙa'idarsu ga mutanen da ba su kai 20 ba: a raba yawansu gida 3 in akwai haske sosai, gida 2 in hasken ya yi ƙasa. Mutum 12 a tsakar gida da rana, hoto 4. A cikin ɗaki, 6. Na bi wannan a wani taron suna, ya yi mini aiki, ko da yake inda akwai yara ina ƙara biyu a kai, don su ba ƙiftawa kaɗai suke yi ba.

Wani abu da na riƙe: ba na goge hoto a bayan kyamara cikin rana, domin ɗan allon nan ba ya nuna wanda ya fito tar da wanda ya ɗan gauraya. Sai na zauna gaban kwamfuta a daren ranar, in fitar da na ajiyewa tukuna, sannan in share sauran.

Mako mai zuwa hoton fuska zan shiga, a inuwa da hasken safe. Wanda a cikinku ya riga ni farawa, ya gaya mini ko mutum ya fi sakin jiki a hotunan farko ko sai bayan ya saba da ƙarar shata.