Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tsohon Tinka na Galwe

Makon jiya na tsaya a inda na samu aikin kula da tsofaffi a gundumar Galwe, ƙasar Ayalan. A can na haɗu da wani dattijo da sauran tsofaffin ba sa son zama kusa da shi. Da na tambayi dalili, wata ta raɗa mini cewa ai tinka ne. Gabana ya faɗi, domin da irin muryar nan Kawu ya ce "ɗan ɗan koli" ranar da ya hana ni 'yarsa.

Mutanen dattijon matafiya ne, suna kiran kansu Minkeri, suna da yarensu. Ya ce a keken doki aka haife shi. Ubansa na bin gonaki yana ƙera bokiti da gwangwanin madara, yana like tukwane. Uwarsa kuwa gida-gida take bi da kwando, allura da zare da furen takarda, a biya ta da ƙwai ko dankali, ta bar musu labarin ƙauyen gaba. Watan Oktoba kowa ya nufi kasuwar dawaki ta Balinaslo. Sai roba ta shigo, bokitin ƙarfe ya rasa mai saye. A 1963 hukumar da gwamnati ta kafa ta ce maganinsu a zaunar da su wuri ɗaya. Sai a 2017 aka yarda cewa su al'umma ce mai asalinta. Ya ce lokacin duk 'yan'uwansa sun riga mu gidan gaskiya.

Allura da zare! Abin da Baba ya goya a keke kenan shekara talatin, daga wannan kasuwa zuwa waccan, har da madubi da kwalli. Yakan ce, wanda ya kwana a zauren mutane ba ya rufe nasa. Kawu ya ci tuwo a zauren nan sau nawa? Kuɗin makarantar ɗansa ma daga jakar kolin nan suka fito, kuma Inna tana raye, a tambaye ta.

Na gaya wa dattijon maganar Baba da guntun Turancina. Ya riƙe hannuna ya ce akwai wata manomiya da ba ta taɓa rufe musu rumbun ciyawa ba lokacin sanyi, har yau yana sa ta a addu'a. Daga ranar ni nake kai masa shayinsa da kaina.

Mako mai zuwa zan faɗi yadda wasiƙar Kawu ta iso ni.