Yadda ambaliyar magudanar ƙazanta ta karya darajar gidana

Da rani na sayi gidan, kuma kuskurena na farko ke nan. A bayansa akwai wani rafi mai inuwa wanda dillali ya lissafa cikin abubuwan da suka ƙara wa gidan kuɗi. Na ga bakin wani ƙaton bututun kankare a gaɓar rafin, amma ban tambayi aikinsa ba. Ranar da aka fara tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, na fito da asuba na tarar da takardun bayan gida sun maƙale a rassan da ke bakin ruwa, ga wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ko'ina.

Daga baya na fahimci cewa unguwar tana kan tsohon tsarin da ruwan sama da ruwan masai suke bin bututu ɗaya zuwa inda ake tace su. Idan ruwa ya fi ƙarfin bututun, akwai mafitar da aka gina da gangan domin rarar ta zube a rafi, maimakon ta koma cikin gidajen mutane. Wannan ba matsalar gari ɗaya ba ce: a Amurka akwai garuruwa kusan 700 masu irin wannan tsari, a Landan kuwa magudanan da injiniya Joseph Bazalgette ya gina bayan mummunan warin ƙazanta da ya tashi daga kogin Thames a shekarar 1858 sun yi wa birnin kaɗan, har sai da aka haƙa ramin Tideway mai tsawon kilomita 25 domin tare ƙazantar kafin ta faɗa kogi.

Da na tashi sayarwa ne na ga ainihin asarar. Gidajen da suke daidai da nawa, amma a kan tudu nesa da rafin, ba su jima a kasuwa ba, nawa kuwa ya yi watanni ana zuwa ana dubawa ana tafiya. Wata mata ta yaba ɗakunan ƙwarai, da ta leƙa ta taga ta hango allon gargaɗin da aka kafa a bakin bututun, sai ta kama hannun ɗanta ta yi sallama. Waɗanda suka taya kuma sun taya ƙasa, domin kowa yana cire kuɗin gyara da na inshora, sannan ya ƙara cire kuɗin tsoron abin da bai sani ba, wanda a ganina shi ya fi cin darajar gidan.

Wannan tsoron na yi ƙoƙarin ragewa. Na sa aka saka bawul mai hana ƙazanta dawowa ta bututun gida, aka zura kyamara aka duba bututun har inda ya haɗu da na titi, na kuma nemo bayanan hukuma a kan yawan lokutan da mafitar take zubarwa. Na daina jiran a tambaye ni. Duk wanda ya zo, sai in kai shi bakin rafin in miƙa masa takardun, don ba zan iya yi wa wani abin da aka yi mini ba. Wanda ya saya a ƙarshe ya karanta su shafi bayan shafi, ya dawo ranar da ake ruwa ya tsaya da lema yana kallon bututun, sannan ya yi tayin da bai kai abin da na so ba, amma ya fi na baya duka, na sallama masa.