Lakar Masana'antu a Gona: Abin da Ruɓarwa Ba Ta Iya Cirewa

Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe da sanin cewa sharar gari dukiya ce. Tun kafin takin zamani ya shigo ƙasar Hausa, jakuna ke fita ta ƙofofin gari da mangala cike da toka da kashin awaki da sharar tsakar gida, su komo da itace da kara da hatsi, kuma wannan kai-komo yana cikin dalilan da suka sa gonakin karkarar Kano suka jure noma shekara da shekaru ba tare da an bar su sun huta ba. Yau tifa ce ta gaji jaki, amma al'adar tana nan. Duk wanda ya bi hanyoyin da suka fita daga birni a ƙarshen rani zai ga tsibi-tsibin baƙar shara an jibge a gonaki ana jiran damina a baza. Da tsadar buhun yuriya da NPK ta yi tsanani a 'yan shekarun nan, sai duk wani abu baƙi mai kama da taki ya ƙara daraja a idon manomi, har da lakar da ke kwantawa a ramukan tace ruwan masana'antu da kwatocin da ke fita daga cikinsu.

Shawarar da ake yawan ji a yanzu ita ce a kwashe wannan laka, a haɗa ta da ɓuntun shinkafa ko garin katako ko karan dawa, a tara ta ta ruɓe na wasu watanni, sannan a kai gona. A takarda, shawarar tana da daɗin ji, domin masana'anta ta rabu da dattinta, manomi ya sami taki mai araha, gari kuma ya huta da wari. Ni ma ba na musun cewa ruɓarwa tana da amfani. Tsibin taki da aka haɗa yadda ya kamata, ana yayyafa masa ruwa ana juya shi, yakan ɗau zafi har ya wuce digiri 55 a ma'aunin Salshiyas, kuma idan zafin ya dawwama na wasu kwanaki yakan kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki da irin ciyawa. Wari yakan tafi, laka mai danƙo ta koma gari mai laushi da ke marmashewa a hannu. Abin da nake musu shi ne tunanin cewa wannan gyara ya kai ga ƙarafa masu guba da ke cikin lakar, wato dalma da kadmiyam da kuromiyam da zaiba da makamantansu.

Ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da taki abin da ya taɓa rayuwa suke ci: ganye, gashi, kitse, kara. Suna mayar da wani ɓangarensa iska da tururi ya tashi, shi ya sa tsibin da aka tara ya kai ƙirjin mutum yakan sauka ya dawo ƙugu. Ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa, domin shi asali ne, babu wani abu da zai narke ya koma. Lamarin kamar tukunyar miya ce da aka bari a kan wuta: ruwa yana ƙonewa, gishiri yana nan, kuma miyar sai ƙara gishiri take yi a baki. Idan aka ɗauki misali kawai don lissafi, busasshiyar laka mai miligiram 10 na kadmiyam a kowane kilo, idan ta ruɓe nauyinta ya ragu da rabi, za ta koma mai miligiram 20 a kilo. Haɗa ta da ɓuntu yana rage adadin da ke cikin kowane kilo, amma jimillar ƙarfen da ya fito daga masana'anta ita ce dai za ta sauka a gona, sai dai a tifa biyu maimakon ɗaya.

Masu goyon bayan wannan taki suna da amsa, kuma amsar tasu ba ta banza ba ce. Sukan ce ruɓaɓɓen taki yana riƙe ƙarfe ya ɗaure shi, ta yadda saiwar shuka ba za ta sha shi da sauƙi ba. Wannan gaskiya ne, amma na ɗan lokaci. Ɗaurin yana ɗorewa ne muddin takin yana nan bai ƙare ba, kuma muddin ƙasar ba ta yi tsami ba. A ƙasarmu mai zafi taki ba ya daɗewa. Rana da gara da ruwan damina sukan cinye shi cikin 'yan shekaru. Yawancin gonakin tudu a arewa jigawa ne, rairayi ya yi yawa, yumɓun da zai riƙe ƙarfe kaɗan ne. Ga shi kuma yawan zuba yuriya shekara bayan shekara yana ƙara wa ƙasa tsami a hankali, kuma da zarar tsami ya ƙaru, kadmiyam da tutiya da nikel sukan saki jiki su shiga ruwan da shuka ke sha. Wato manomin da ya zuba lakar bana zai iya ganin gonarsa ta yi kore shar, illar kuma ta jira shekara goma kafin ta bayyana, lokacin da babu mai tuna tifar da ta kawo ta.

Akwai shaida a kan tsawon zaman ƙarfe a ƙasa. A Woburn da ke Ingila, masu binciken cibiyar nazarin noma ta Rothamsted sun soma wani gwaji a 1942, inda suka riƙa zuba lakar ruwan ƙazantar birni a wasu filaye har zuwa 1961, sannan aka daina. Fiye da shekara 20 bayan haka, da aka koma aka auna, an tarar mafi yawan ƙarafan suna nan a ƙasar sama inda garma ke kaiwa. An kuma tarar ƙananan halittun cikin ƙasa sun ragu da kusan rabi idan aka kwatanta da filayen da aka zuba wa takin dabbobi, kuma ƙwayoyin da ke zama a saiwar wata ciyawa dangin wake suna jawo mata sinadarin naitirojin daga iska sun daina yin aikinsu. Wannan ɓangare na ƙarshe ya fi damuna, domin noman ƙasar Hausa ya dogara ƙwarai da wake da gyaɗa da waken suya da ake shukawa tsakanin gero da dawa su ƙara wa ƙasa ƙarfi, kuma dangin waɗannan ƙwayoyi ne ke yi musu wannan aiki a ƙulle-ƙullen saiwarsu.

Kowane ƙarfe da hanyar da yake bi ya kai ga mutum. Kadmiyam shi ne mafi saurin shiga shuka, kuma ganyaye irin su latas da alayyafo da kabeji sun fi hatsi kwasarsa, shinkafa ma tana sha. Ba ya sa ganye ya yi yaushi ko ya sauya launi a matakin da yake cutar da mai ci, saboda haka mai saye a kasuwa ba shi da wata alama, wankewa kuma ba ta fitar da abin da ke cikin jikin ganye. A jikin mutum yana taruwa a ƙoda, kuma yakan ɗauki shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Mutanen lardin Toyama na Japan sun ga ƙarshen wannan hanya: ruwan kogin Jinzu da ke ɗauke da kadmiyam daga mahaƙar Kamioka ya shayar da gonakin shinkafa shekaru da dama, mutane, galibi mata masu shekaru da suka yi haihuwa da yawa, suka kamu da ciwon ƙoda da laushin ƙashi mai tsananin raɗaɗi, cutar da gwamnatin ƙasar ta amince a 1968 cewa gurɓatar ce ta jawo ta. Gyaran gonakin, wanda ya haɗa da rufe gurɓatacciyar ƙasa da kawo sabuwa daga wani wuri a fili fiye da hekta 800, an soma shi a 1979, bai kammala ba sai 2012. Ƙasa mai arziki irin Japan ke nan.

Dalma kuwa ba sai an je nesa ba. Ba ta shiga shuka sosai, amma tana maƙalewa a ƙasar sama, ta bi ƙura, ta hau ganye, ta shiga bakin yaron da ke wasa a bakin lambu yana tsotsar yatsa. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinariya ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, kuma maganin da aka samu ga ƙasar gidajen shi ne a kankare ta a kwashe a binne, a zuba sabuwa. Adadin dalmar da ke cikin laka bai kai na ƙauyukan Dareta ko Bagega da gubar ta shafa ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa.

A Kano babban batu shi ne kuromiyam, saboda masana'antun jimar fata na Challawa da Sharaɗa da Bompai. Majeman gargajiya da bagaruwa da toka suke aiki, kuma ragowar bagaruwa ba ta da wannan matsala. Jimar zamani kuwa, wadda ake yi wa mafi yawan fatun duniya, da gishirin kuromiyam ake yin ta, shi ne ke ba ɗanyar jemammiyar fata launin nan shuɗi-shuɗi, kuma wani kaso mai yawa na sinadarin ba ya kama fatar, sai ya bi ruwa ya kwanta a laka. Nau'in da ake jima da shi ba shi ne mafi haɗari ba, kuma shuka takan tsare mafi yawansa a saiwa. Amma yana iya rikiɗa ya koma ɗaya nau'in, mai narkewa a ruwa kuma mai haddasa ciwon daji, idan ya haɗu da wasu ma'adanan manganis da ke cikin ƙasa, ko kuma idan aka ƙone lakar, musamman da yake tana ɗauke da farar ƙasar da ake cire gashin fata da ita. A nan ne al'adarmu ta cinna wa juji wuta don a rage shi a sami toka take zama abin tsoro. Ban da wannan, lakar majema cike take da gishirin da ake adana fatu da shi, kuma gishiri a lambun rani, inda babu ruwan sama mai wanke shi, yana kashe ƙasa tun kafin a zo maganar guba.

Masu lambu a bakin kogin Jakara da rafin Getsi, har zuwa madatsar Wasai, sun riga sun daɗe suna ban-ruwa da ruwan da ya ratso birni da masana'antun Bompai. Ƙasar da ta sha irin wannan ruwa shekaru masu yawa ba daga sifili take farawa ba, kuma ita ce ƙasa ta ƙarshe da ya kamata a ƙara wa laka. Lissafin ba shi da wuya: ƙasar saman hekta ɗaya, zurfin santimita 20, nauyinta kusan tan 3,000 ne. Wanda ke zuba tan 10 a shekara na takin da ke da miligiram 20 na kadmiyam a kilo yana ƙara giram 200 duk shekara, kuma cikin shekara 15 ya ƙara wa kowane kilo na ƙasarsa miligiram ɗaya. Dokar Tarayyar Turai ta 1986 kan zuba laka a gona ta sa iyakar kadmiyam a ƙasa tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kilo, ta dalma kuma tsakanin 50 zuwa 300.

Wani abu da masu kafa hujja da Turai da Amurka kan tsallake shi ne cewa waɗannan dokoki an yi su ne domin lakar ruwan ƙazantar gidaje da birane. Dokar Amurka ta 1993 ta fito fili ta ware lakar da ta fito daga tace ruwan aikin masana'anta, ba ta sa ta cikin abin da take magana a kai ba. Ita ma lakar biranen, ƙasar Siwizalan ta hana zuba ta a gona gaba ɗaya tun 2006. Saboda haka cewa "ai a Turai ma ana yi" ba ya wanke lakar majema ko ta marinar zamani ko ta masu narka tsohon batir.

Ba kowace masana'anta ce abar gudu ba, kuma rashin adalci ne a yi musu kuɗin goro. Dattin da ke fita daga tace ruwan rake a masana'antar sukari taki ne mai kyau da manoman Indiya suka daɗe suna amfani da shi. Haka ɓuntu da tokar injinan shinkafa, da ragowar masana'antun tumatir da man gyaɗa. Abin da ya fito daga abinci, galibi yana iya komawa gona. Tambayar da ta kamata manomi ya yi wa direban tifa ba ita ce ko takin ya ruɓe ba, domin wannan hanci da hannu za su gaya masa. Tambayar ita ce daga wace masana'anta aka kwaso shi, kuma me ake yi a cikinta. Idan amsar ta ƙunshi jima ko rini ko fenti ko batir ko wanke ƙarfe, ko kuma direban ya ce daga babbar kwata ce wadda kowa ke zuba nasa, to arahar ba ta isa dalili ba. Masu gonar da suka ba da haya ko aro su ma ya kamata su sa wannan cikin sharaɗi, domin mai haya na shekara biyu zai kwashe amfanin takin ya tafi, ƙarfen kuma ya zauna wa mai gona da magadansa.

Nauyin gwaji bai kamata ya hau kan manomi ba, domin ba shi da na'urar, ba shi da kuɗin. Jami'o'i irin su Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya suna da ɗakunan gwajin da ke auna waɗannan ƙarafa, kuma NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin da ta fitar a 2009 kan masana'antun saƙa da fata. Masana'antar da ke son a kira dattinta taki ita ce za ta kawo takardar gwaji ta kowane kashi da ta fitar, mai nuna dalma da kadmiyam da kuromiyam da zaiba da gishiri a busasshen nauyi, a kuma auna ƙasar gonar kafin zubawa, tsaminta da ƙarafan da ke cikinta. Ga majema kuwa akwai hanyar da ta fi kai laka gona: a ware ruwan kuromiyam tun daga gangar jima kafin ya gauraya da sauran, a kwantar da sinadarin da maganisiya, a narkar da shi da asid, a mayar da shi cikin jimar gaba. Ana yin haka a majeman Jajmau da ke Kanpur a Indiya da wasu wurare, kuma sinadarin da aka ceto kuɗi ne da ya rage wa masana'antar, maimakon ta sake kashe shi wajen sayo sabo daga waje.