The Sims 4: na buga kyautan, na sayi ƙari ɗaya, ga abin da na gani

Tun da kamfanin EA sunka mai da The Sims 4, gem ɗin da kake gina gida ka tafiyar da rayuwar mutanen cikinsa, kyauta a Oktoban 2022 nike son gwada shi, sai da na samu laftof mai ɗan ƙarfi sannan na sauke, don gem ɗin ba na waya ba ne, na kwamfuta ne da PlayStation da Xbox, kuma saukewar na cin data sosai, data ɗin dare na saya na bar shi ya kwana yana yi.

Abin da ya riƙe ni shi ne gini wallahi. Akwai wata unguwa Oasis Springs, hamada ce da rana ƙwal, nan na zaɓi fili na gina gida irin namu, zaure a gaba, tsakar gida buɗe, ɗakuna kewaye, matar gidan na sa mata hijabi tunda sun ƙara shi a 2019, maigidan na sa mai hula. Kuɗin farawa ba su isa ba sai na rubuta motherlode, kalmar sirri ta ƙara kuɗi, anka ba ni 50,000 na kuɗin cikin gem ɗin. Abin da ya ɗan sosa min rai gida ɗaya mutum 8 kawai yake ɗauka, mu nan Sakkwato wannan ai ko rabin gidanmu bai kai ba, kakanni da ƴaƴan ƴan'uwa dole na kai su maƙwabta.

Bayan ɗan lokaci ka fara jin kwanakin duk iri ɗaya ne, a tashi a ci a tafi aiki a kwanta, ba ruwan sama ba sanyi. Nan maganar kuɗi ta shigo, don irin waɗannan abubuwa sai ka sayi ƙari, wato ɓangaren wasan da ake sayarwa daban. Babban ƙari guda dala 39.99 ne, matsakaici 19.99, ƙanana 9.99 da 4.99, kuma manyan kaɗai sun haura goma sha biyar, ka juya wanga lissafi zuwa naira ka ga inda kake. Kyanwa da kare na cikin Cats & Dogs, shanu da kaji na Cottage Living, jami'a ma nata daban.

Ni Seasons na 2018 kaɗai na saya, shi ma sai da na jira rangwamen Nuwamba da anka rage rabi, wani abokina mai katin dala ya biya na tura mai naira. Ban yi da-na-sani ba don shi yana taɓa kowace rana ta wasan, ruwa ya sauko, shuka ta bi lokacinta, zafi ya tsananta har mutum ya iya mutuwa in ka bar shi da kayan sanyi. Sauran mafi yawa unguwa ɗaya ce ko sana'a ɗaya, ka gama da ita ka manta.

Iyaye ku lura, akwai soyayya da mashaya a ciki, na ƴan shekara 13 zuwa sama ne, ƙanena gini kawai nike barin shi ya yi ina zaune kusa. Kuma a watan Afrilu da rana kar ka ɗora laftof kan katifa, zafi yake ɗauka ya riƙa sanƙarewa, ni bayan isha'i nike bugawa.