Laraba, ga duhu ga saƙon ƙanwata

Tun biyar na yamma aka ɗauke wuta. Amma ba shi ya hana ni sukuni ba, ƙanwata ce.

Muna tashi daga zumuntar mata ta ja ni gefe, ta nuna min wani saƙo a WhatsApp. Wai wani ya yi lissafi, ya gano watan da Almasihu zai dawo. Ta ce, "Yaya, in haka ne, amfanin me zan biya wa yaron nan kuɗin jarrabawa? Adashen ma gara in fita." Da gaske take, har idonta ya kawo ruwa.

Na ce ta buɗe Matiyu 24:36 ta karanta da bakinta. Ranar da sa'ar, ko mala'iku ba su sani ba, sai Uba kaɗai. Ta ce, "Amma ya kawo ayoyi fa, Yaya." Duk wanda ya taɓa sa rana ai da ayoyi ya zo. William Miller, wani mai wa'azi a Amurka, ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14 ya mai da su shekaru, mabiyansa suka tsayar da 22 ga Oktoba 1844. Wasu manoma suka bar amfanin gona ba girbi. Gari ya waye kamar kullum. Harold Camping, wani mai wa'azi a rediyo a Amurka, ya ce 21 ga Mayu 2011, da ta wuce ya matsa zuwa Oktoba, bayan mutane sun zuba ajiyarsu a allunan talla. Ɓarnar iri ɗaya ce: a saki aiki, rana ta wuce, a bar mutum da bashi da kunya, wani ma ya daina zuwa sujada. Shi ya sa Bulus bai sassauta wa masu zaman kashe wando a Tasalonika ba, ya ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci.

Da magariba na ɗauko fitilar kananzir, sai budurwai goman nan na Matiyu 25, masu jiran ango da fitilunsu, suka faɗo min. Mutane kan manta aya ta 5: da ango ya yi jinkiri, dukansu goma ne suka yi barci. Barcin ba laifi ba ne. Biyar daga cikinsu dai sun taho da ƙarin mai a gora, sauran biyar ba su yi ba. Wanda ya san fitila ya gane: in mai ya ƙare, lagwanin ne ke cin kansa, hayaƙi ya baƙanta gilashi. Sai an datse ƙonannen bakin da almakashi, a daidaita shi, don in ya karkace harshen wutar rabewa yake yi. Sabon lagwani kuma sai ya jiƙu kafin a kyasta ashana. Ba aikin tsakar dare ba ne, da rana ake yinsa.

Abin da na tura wa ƙanwata ke nan, tare da shawarar yadda za ta yi nata tanadin. Sabon Alkawari sura 260 ne, sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, cikin mako 52 an sauke. Wanda ta yi saɓani da shi, su shirya kafin rana ta faɗi, haka Afisawa 4:26 ta ce. Ƙarshen Matiyu 25 kuma ya lissafa mutum shida: mayunwaci, mai ƙishi, baƙo, marar tufa, majinyaci, ɗaurarre. Kowane mako ta nemi ɗaya. Kuɗin jarrabawa kuwa ta biya.



Saƙona ya nuna an karanta tun takwas, ba amsa. Tsorona shi ne matan zumunta nawa ne saƙon mai lissafin nan ya shiga wayarsu ba su faɗa wa kowa ba. Gobe da sassafe zan biya ta gidanta kafin ta fita kasuwa.