Yadda na jera ƙwayoyin bairus ɗin wake a kan maiƙo

Bairus ɗin da nake aiki da shi a ɗakin gwaji shi ne wanda ke sa ganyen wake ya yi dabbare-dabbare, wanda masana ke kira CPMV. A Najeriya aka fara bayyana shi, a 1959. Ba ya kama mutum, kuma faɗin kowace ƙwaya kusan nanomita 30 ne (nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin biliyan na mita), duk girmansu ɗaya. Saboda haka ne masu son gina ƙananan abubuwa suke ƙaunarsa. Burina shi ne in sa ƙwayoyin su jera kansu sahu-sahu a kan shimfiɗar maiƙo, ba tare da na taɓa ko ɗaya ba.

Dabarar a baki mai sauƙi ce. A ruwan da ba shi da tsami, jikin bairus yana ɗauke da cajin lantarki negatif. Sai na haɗa maiƙo iri biyu, DOTAP mai caji fozitif da DOPC wanda ba ya ja ba ya turewa, na shimfiɗa su siriri a kan ɓallin maika, wani dutse mai santsin fuska, na ɗiga ruwan bairus. Fozitif ya jawo negatif, ƙwayoyi suka sauka.

Amma sauka daban, jeruwa daban. Ƙwayoyin nan duk cajinsu iri ɗaya ne, don haka kowace na ture maƙwabciyarta. A ruwa mai ƙarancin gishiri, hoton na'urar AFM, wadda ke bin saman abu da siririn tsinke ta fitar da siffarsa, ya nuna mini su a warwatse, ɗaya nan ɗaya can, da fili tsakaninsu. Gishiri ne ke rage wannan turewar, domin yana gajarta nisan da caji ke iya kaiwa. A milimola 10 na gishiri a kowace lita (milimola ma'aunin yawan sinadari ne) nisan kusan nanomita 3 ne, a milimola 150 bai cika nanomita 1 ba. Da na ƙara gishiri kaɗan-kaɗan, sai suka fara matsowa kusa. Da na zarce, sai gishirin ya raunana har jan da maiƙo ke yi musu, suka fara sakin shimfiɗar. Tsakanin nan biyu ne aikin yake, kuma wurin ƙunci ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne batun yawan DOTAP. Mutum zai ɗauka ƙarin ja ƙarin tsari ne. A'a. Idan jan ya yi yawa, ƙwaya na sauka take kafewa inda ta faɗa, ta baya ta zo ta cusa kanta duk inda ta samu, a ƙare da cunkoso marar fasali. Dole ƙwaya ta iya zamewa gefe ta nemi gurbinta, kuma hakan na yiwuwa ne kawai idan maiƙon yana nan ruwa-ruwa, bai daskare ba. Shi ya sa nake lura da zafin ɗakin kamar yadda nake lura da gishiri.

Tsamin ruwa ma yana da nasa tasirin: ƙara shi kaɗan yana rage cajin bairus, turewa ta yi sauƙi. Yanzu ba na canza abu biyu a lokaci ɗaya. Ina tsayar da tsami da yawan DOTAP, in yi ta motsa gishiri shi kaɗai, in bar samfurin ya kwana kafin in ɗauki hoto, domin sahun ba ya kammaluwa da gaggawa.