Daren da DNS ya hana ni shiga intanet a otal

Har yau in na tuna daren nan sai raina ya ɓaci. Saura minti 20 a fara taron bidiyon da na yi mako biyu ina shiryawa, kwamfutata ta kama Wi-Fi ɗin otal, alamar ta cika taf, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Ga wayata a gefe tana aiki lafiya lau.

Ni na jawo, kuma da kyakkyawar niyya. Duk sanda kwamfuta ta hau sabuwar hanyar sadarwa, na'urar wurin ce ke faɗa mata inda za ta riƙa tambayar adireshin shafuka, wato DNS, tambayoyin kuma a fili suke tafiya ta tashar 53, mai wurin yana iya ganin sunan kowane shafi. Hakan bai kwanta mini ba, sai na shiga saitin Windows 11, na rubuta 1.1.1.1, DNS ɗin kamfanin Cloudflare, da hannuna, na kunna DoH, wato tura tambayoyin DNS a sirrance, sannan na kashe damar komawa tambayar fili idan ta sirri ta gaza. Wannan na ƙarshen ne ya kashe ni. Wata uku a gida ban ga matsala ba.

Ban kawo shafin shiga na otal a lissafi ba, wanda ake sa lambar ɗaki. Kafin ka cika shi, hanyar waje a toshe take, har da 1.1.1.1. Shi kuwa shafin, sai da DNS ɗin otal ake samunsa. To ga kwamfutata, na hana ta tambayar na otal, na Cloudflare kuma ba ta kai gare shi. Na kashe na kunna sau uku, na share ma'ajiyar DNS, duk a banza. Ina mayar da saitin yadda ya zo, shafin ya faɗo nan take, amma taro ya riga ya yi rabi.

Abin da ya fi ci mini rai ma daga baya ya zo: na manta ban sake kunna DoH ba. Kwana huɗu cur duk sunan shafin da na nema yana ratsa na'urar otal tsirara. HTTPS, tsarin da ke sirranta sadarwa da shafi, ya rufe abin da ke cikin shafukan, gaskiya ne, amma sunayen da na yi wahalar ɓoyewa duk sun fita.

Yanzu a baƙon wuri nakan fara cika shafin shiga, sannan in kunna DoH, kuma ba na taɓa aiki sai na buɗe 1.1.1.1/help, shafin gwaji na Cloudflare, na ga da idona ya tabbatar mini DoH yana kunne.